Fitilar cikin silin a ɗakin da hannu ke taɓa rufinsa

Duk wanda ya yi zaman haya a tsofaffin unguwannin Njamena, irin su Ridina ko Mardjandaffack, ya san ɗakunan da nake nufi. Ka miƙe tsaye ka ɗaga hannu, ga silin. Sama da shi kwano ne, kuma ta wajen bango tsakaninsu ko taƙi ɗaya bai cika ba. A irin wannan ɗaki ƙwan fitila mai lilo ba ya kai labari: ko yaro ya buge shi da sanda, ko kai da kanka ka fasa shi garin saka babbar riga. Shi ya sa da matanmu suka fara ganin fitilun nan da ake nutsarwa cikin silin a gidajen biki, kowace ta ce ita ma sai an sa mata. Ni ɗan kasuwar yadi ne, amma an sa mini su a ɗaki uku da shago, kuma kowane aiki ina tsaye a kai aka yi shi.

Irin na dā, mai gwangwani da ƙwan halojin, yana son fili na santimita 10 zuwa 15 a sama, ga zafi kamar garwashi. Ƙwai ɗaya mai wat 50 a jikin busasshen katako, ƙarƙashin kwano, neman gobara ne kawai. Wannan ka manta da shi. Wanda ya dace da mu shi ne faifan LED ɗin nan siriri, kaurinsa bai wuce santimita 2 ba. A yanka rami daidai faɗinsa, a danna shi, ƙarafuna biyu masu tsalle su kama silin ta baya. Shi ke nan. Mai wat 6 ko 9 ya ishi ƙaramin ɗaki idan aka raba su biyu ko uku. Suna shigo mana daga Chana da Dubai, mafi yawa ta Duwala, su biyo Kuseri su haye gadar Ngeli, kuma cike suke a Babbar Kasuwa da Dembe.

To, inda maganar take shi ne ɗan akwatin da ke biye da fitilar. Shi ke karɓar wuta mai ƙarfin 220 ya sauke ta daidai cikin faifan. Mai saye yana juya fitila yana yaba sirantarta, ba ya ko kallon akwatin, alhali shi ne zai kwana tsakanin kwano da silin. A watan Afrilu, da zafin garin nan ke haura digiri 40 a inuwa, tura hannunka cikin wannan ramin da azahar ka ji. Masana kayan lantarki suna da ƙa'ida: akwai wani ɗan ƙulli cikin akwatin da duk ƙarin digiri 10 ke rage rabin kwanansa. Don haka in ka ji an ce fitilar wane ta fara ƙyaftawa bayan wata shida, sau da yawa faifan lafiya lau yake, akwatin ne ya dahu. Ni na sa an kwantar da kowanne a kan katakon silin, nesa da kwano, an kuma bar kafar iska a gefen rufi da raga a bakinta saboda ɓera da jemage. Ka duba rubutun jikinsa ma. Wanda aka rubuta 85 zuwa 265 ya fi jure hawa da saukar wuta, balle mu da muke yawo tsakanin wutar gari da janareta da batirin sola.

Sai waya. Nan ne ba na wasa da kowa, ko da surukina ne ya kawo mai aikin. Wasu yaran sai su murɗa waya biyu, su naɗe da baƙin salatif, su jefa sama, tunda mai gida ba zai gani ba. Zafi ya narkar da gam ɗin, ɓera ya ƙarasa sauran. Ka tuna tagoginmu duk ƙarfe ne, ƙofa ɗaya ce, yara kuma suna barci ƙarƙashin wannan silin. Ka ce sai an zura waya mai kaurin 1.5 cikin tiyon roba, kowane haɗi kuma a ɗaure shi da domino cikin akwati mai murfi. Ƙarin kuɗin bai kai na turmin atamfa ba. Kafin a rufe, hau kujera ka haska da wayarka ka gani da idonka. Mai aikin zai ɓata rai, ya ɓata.

In rufinka dalan siminti ne, kar ka yarda a sare shi don a binne fitila. Akwai irin wanda ake mannawa a fuska, kaurinsa kaɗan ne. Kar kuma a sa fitila daidai saman fikafikan fanka, haske zai dinga yankewa har kai ya yi ciwo. Ɗan haya kuwa ya nemi yardar mai gida tukuna, don ramin da ka yanka ba ya bin ka ranar tashi.

Launin haske ma abin dubawa ne ga mai shago. Farin nan fat da ake rubuta wa 6500 yana sa shadda mai ruwan madara ta koma kamar an zuba mata bula, mai saye ya kai gida ya dawo da ita yana faɗa. Na 3000 kuma ja-ja ne, yana cinye shuɗi. A shago na tsaya kan 4000, a ɗakin barci na sa mai ja-jan. Uwargida ta ce ya yi kama da fitilar a-ci-bal-bal, amma har yau ba ta ce a cire ba.