Mita 94 Ƙasa da Ƙololuwa

A ƙarshen watan Disamba na shekarar 2017, majalisar ministocin ƙasar Nepal ta zauna a birnin Katmandu ta yi wa dokar hawan duwatsu kwaskwarima. Daga cikin abin da ta zartar har da cewa ba za a ƙara ba makaho, ko wanda aka yanke wa gaɓoɓi biyu, takardar izinin hawan dutsen Eberest da sauran manyan tsaunukan ƙasar ba. Haka kuma an hana mutum ya hau shi kaɗai ba tare da ɗan jagora ba. Hujjar mahukunta ita ce rage hatsari da yawan mace-mace. Duk wanda ya taɓa zaman ofis ya san irin wannan takarda: ana rubuta ta da kyakkyawar niyya, a buga mata hatimi, a tashi daga aiki rai kwance, sau da yawa ba tare da an ji ta bakin waɗanda za ta faɗa a kansu ba.

Cikin waɗanda ta faɗa wa akwai wani dattijo ɗan ƙasar Sin, Shiya Boyu, wanda jaridu ke rubuta sunansa Xia Boyu. Shekarunsa 68 a lokacin, 42 daga cikinsu kuwa ya yi su ne yana dakon wannan dutse.

Kafin a fahimci mutumin, sai an fahimci dutsen. Eberest yana kan iyakar Nepal da yankin Tibet na ƙasar Sin, tsawonsa mita 8,848.86 bisa awon da ƙasashen biyu suka bayyana tare a 2020. Idukal-n-Tages na tsaunukan Bagzan, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijar, mita 2,022 ne. Ko an ɗora huɗu irinsa bisa juna, da sauran mita fiye da 700 kafin a kai. A can ƙololuwa, iskar da huhu ke samu a numfashi guda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na wadda ake samu a bakin teku ba. Sanyi kuwa, idan ya tsananta, jiki kan janye jini daga yatsu ya mai da shi ga zuciya da sauran kayan ciki don ya tsirar da rai. Yatsun sai su daskare, naman ya mutu, ya yi baƙi, ba kuma abin da likita zai yi masa sai yankewa.

Shiya Boyu ɗan ƙwallon ƙafa ne tun farko. A 1974 aka ɗauke shi cikin ƙungiyar mahawa duwatsu ta ƙasar Sin, a 1975 kuma ya bi ayarin da ya tunkari Eberest ta ɓangaren arewa, wato ta Tibet. Sun kai wajen mita 8,600 guguwa ta tsare su kwana da kwanaki, har dole ta sa suka juyo. A kan hanyar saukowa, wani abokin tafiyarsa ɗan Tibet, wanda gajiya ta riga ta cinye, ya rasa buhunsa na barci, wannan bargo mai kama da buhu da ake shiga ciki a zuge. Shiya, da yake yana ganin ya fi sauran jure sanyi, ya cire nasa ya ba shi, ya kwana cikin tanti da tufafin jikinsa. Abokin ya tashi lafiya. Shi kuwa ƙafafunsa biyu suka daskare, aka yanke su. Ranar 27 ga Mayu na shekarar, mutum 9 daga cikin ayarin suka taka ƙololuwa, shi yana kwance a asibiti, saurayi ɗan shekara 26 da bai san sana'ar da ba ta ƙafa ba.

A 1996 ciwon daji na kaluluwa ya kama shi, aka ƙara yanke abin da ya rage har zuwa ƙasan gwiwa.

Mai ƙafa ba ya sanin aikin da ƙafa ke yi masa. Tafin ƙafa ne ke shaida wa mutum ko abin da ya taka dutse ne ko ƙanƙara mai santsi, idon sawu kuma ya lanƙwasa ya gyara masa tsayuwa tun kafin ya yi tunani. Ƙafar ƙarfe ba ta ji, ba ta kai labari. Mai ita sai ya dubi kowane taki da idonsa, ya daidaita jikinsa da ƙugu da sanduna biyu, ya kashe ƙarfin da ya fi na abokan tafiyarsa a wurin da numfashi ya fi zinariya tsada. Ga kuma dungu: yakan kumbura ko ya motse gwargwadon sanyi da wahala, kwarmin da aka auna masa a gida ya daina dacewa da shi, fata ta goge, ƙuraje su fito su fashe, jini ya jiƙa safa. Da wannan kaya Shiya ya yi shekaru yana horar da jikinsa, yana hawan duwatsun da ba su kai Eberest ba, yana jiran masu ƙera ƙafafu su ƙware.

Da ya koma a 2014, ƙanƙara ta zaftare ranar 18 ga Afirilu ta kashe ƴan jagora 16 ƴan Nepal, aka fasa hawan shekarar. Da ya koma a 2015, girgizar ƙasa ta ranar 25 ga Afirilu, wadda ta hallaka mutane kusan 9,000 a ƙasar, ta same shi a zangon gindin dutsen. Ya tsira, ya koma gida.

Tafiyar 2016 ita ce ya kamata ministocin Katmandu su yi nazari a kanta kafin su sa hannu. A wannan karo ya wuce duk inda ya taɓa kaiwa, har ya rage masa mita 94 kacal, sai guguwar ƙanƙara ta taso. Yana da shekara 67, ya san da wuya jiki da aljihu su sake ba shi wata dama. Amma tare da shi akwai matasan ƴan jagora na ƙabilar Sherfa, masu iyali, waɗanda ba za su bar shi shi kaɗai ba in ya nace. Ya ba da umarni a juya. Mita 94 tafiyar minti biyu ce a fili, a can sama kuwa tana iya cin sa'a guda ko fiye, kuma maƙabartar Eberest cike take da ƙarfafan mutane waɗanda suka ga ƙololuwa kusa suka kasa cewa a koma. Ke nan sau biyu, a 1975 da 2016, wannan mutum ya fifita ran wani a kan burinsa, na farko ya biya da ƙafafunsa, na biyu da shekara 41 na jira. Shi ne kuma dokar ta lissafa cikin masu jefa jama'a a hatsari.

Ba a ce damuwar gwamnatin Nepal ba ta da tushe ba. Sherfawa ne ke ɗaure igiyoyi, su ɗauki tulunan iska da tantuna, su ratsa wurare mafi hatsari sau da yawa a kaka guda, kuma baƙon da ya kasa tafiya a mita 8,000 kaya ne a wuyansu. Sai dai idan kare su ake nufi, abin tambaya shi ne ƙwarewa: duwatsu nawa mutum ya hau, yaya ya yi da guguwa ta same shi. A wancan lokaci kuwa baƙon da ya biya dalar Amurka 11,000, kimanin sefa miliyan 6, yana iya karɓar izininsa ba tare da ya nuna shaidar ya taɓa hawan wani babban dutse ba. Mutane fiye da 300 sun mutu a Eberest, mafi yawansu da idanunsu biyu da ƙafafunsu biyu. Ban da haka, abin da ake cewa naƙasasshe ba zai iya ba an riga an yi shi: Tom Whittaker mai ƙafa ɗaya ya hau a 1998, makaho Erik Weihenmayer ɗan Amurka a 2001, Mark Inglis ɗan Niyu Zilan, wanda ba shi da ƙafa ko ɗaya, ta ɓangaren Tibet a 2006, duka kuma sun sauko da ransu. Akwai wani irin tausayi da ke maƙwabtaka da raini, irin wanda ke miƙa wa gurgu sadaka a ƙofar masallaci ran Juma'a, ya hana shi kujerar aiki ran Litinin.

Labarin Inglis ma yana da darasinsa mai ɗaci. A ranar da ya hau, mahawa wajen 40 sun wuce wani Bature ɗan Ingila, David Sharp, yana zaune yana mutuwa a gefen hanya. Da labari ya bazu, Edmund Hillary, wanda shi da Tenzing Norgay suka fara taka ƙololuwar a 1953, ya yi tir da abin, mafi yawan zargin duniya kuma ya sauka a kan Inglis, don shi ne sananne, alhali cikin mutanen nan duka shi ne mafi rashin halin ɗaukar wani a baya.

Masu kare haƙƙin naƙasassu sun kai ƙara, a watan Maris na 2018 Kotun Ƙolin Nepal ta dakatar da haramcin saboda wariya ce. Shiya ya karɓi izininsa. Ranar 14 ga Mayu 2018, da safe, a yunƙurinsa na biyar, yana da shekara 69, ya tsaya a ƙololuwar Eberest, shi ne na farko mara ƙafafu biyu da ya hau ta ɓangaren Nepal.

Wani kuwa dokar ta ci masa shekaru. Hari Budha Magar ɗan Nepal ne, tsohon sojan Gurka a rundunar Ingila, wanda nakiya ta tsinke wa ƙafafu biyu daga saman gwiwa a Afganistan a 2010. Ya shirya hawa a 2018, haramcin ya rushe masa shiri, ya ajiye igiya ya shiga fafutukar soke dokar ƙasarsa. Bai samu taka ƙololuwar ba sai ranar 19 ga Mayu 2023.