Maƙogwaron Babur da Kuɗin Makarantata

Duk wanda ya san Kafanchan ya san cewa, ko da yake jirgin ƙasa ne ya raya garin, yau babur ne ke ɗauke da shi. Babur ke kai ɗalibi Gidan Waya, shi ke fito da buhun citta daga ƙauyukan Kwoi, shi ke kawo mara lafiya asibiti daga Kagoro cikin dare. A gidanmu kuwa, Bajaj Boxer ɗin da yayana ke acaɓa da shi, shi ne gonarmu ta biyu. Daga cikinsa kuɗin makarantata ke fita.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da dama. Nan take 'yan acaɓa suka cika garejin kanikawa, kowa da magana ɗaya: a rage wa mashin shan mai. Da yawa sai aka matse musu kafireta, aka sa ƙaramin jet. To, injin yana son kusan kashi 15 na iska a kan kashi 1 na mai, in an auna da nauyi. Idan mai ya yi kaɗan ainun, sai injin ya ɗau zafi, fulogi ya yi fari, wani lokaci bawul ya ƙone. Garin neman gira aka rasa ido.

Yayana ya ƙi bin wannan hanya. Wurin wani dattijon bakanike ya kai babur ɗin, ni kuma na raka shi don lokacin ina hutu. Dattijon ya nuna mana ɗan bututun da ke tsakanin kafireta da kan injin, wanda suke kira manifol, ya ce, "Wannan shi ne maƙogwaronsa. Kai ɗana, gudu kake so ko jan kaya?" Yayana ya ce, "Baba, ina ni ina gudu? Buhu biyu nake ɗauka, hanya kuma duk tudu." Sai ya ce, "To, a ƙara masa tsawon wuya kaɗan."

Ga yadda abin yake, ya mai karatu. Duk sa'ad da fistin ya sauka alhali bawul ɗin shigar iska na buɗe, yana zuƙo iska da mai ta wannan bututu. In bututun dogo ne kuma siriri, iskar takan ɗau gudu kamar ruwa a matsattsen kwari, ta ci gaba da dannawa ciki har lokacin da bawul ke shirin rufewa. Bayan ya rufe, bugun iskar yakan koma baya ya sake dawowa. A dogon bututu dawowar takan ɗau lokaci, wanda ya yi daidai da injin da ke juyawa a hankali. Saboda haka dogon maƙogwaro na ba da ƙarfin ja a ƙaramin gudu, gajere kuma mai faɗi sai an murɗa totur sosai yake nuna kansa. Mai hawan tudu da kaya, in ya sami ƙarfin ja, ba ya yawan komawa ƙaramar giya injin na ihu, a nan ne mai ke raguwa.

Sai dai dattijon bai yaudare mu ba. Ya ce ribar kaɗan ce, kuma gudun babur a kan kwalta zai ragu. Dole a sake daidaita kafireta, kuma ko ƙaramar kafa aka bari a mahaɗin, iska za ta shiga ta ɓata aikin. Ya ƙara da cewa matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, da tayar da ba iska, da busasshen sarƙa, sun fi komai satar mai. Yayana ya bi duka. Abin da ya ragu a rana bai taka kara ya karya ba, amma da aka tara shi wata da watanni, ya shiga kuɗin rajistata. Da ma da yayyafi kogi kan cika.

Ni da harshen Jju na buɗe baki, Hausa a kasuwa da makaranta na koye ta. Amma duk wannan bayani da Hausa aka yi shi, a garejin da Bajju da Atyap da Ham da Ibo mai sayar da kayan gyara ba su da wani harshen da ya haɗa su sai ita. A can na ji ana cewa injin ya "shaƙe", ko yana "tari", ko "numfashinsa bai daidaita ba". Mu a aji muna ta muhawarar yadda za a fassara kalmomin kimiyya, alhali masu baƙin mai a hannu sun daɗe da raɗa wa abubuwa suna.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu neman batun kundin digiri: ku ɗauki littafi da biro ku nufi gareji. Dattawan nan ba sa rubutu, kuma shekaru na tafiya.