Daga Damagaram Zuwa Mirriya A Bisa Keke

Tsakanin birnin Damagaram da garin Mirriya kimanin kilomita 18 ne, a bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Diffa. Mai mota ba ya lissafa ta cikin tafiye-tafiye. Amma ga wanda gabansa ke faɗuwa duk sa'ad da ya ji ƙugin babur a bayansa, wannan ɗan taƙi ya isa ya raba shi da danginsa.

Mu biyar muka yi wannan tafiya, kuma dalilinta shi ne dattijon cikinmu, wanda muke kira Malam. Tun yana saurayi keke ne abin hawansa, har ranar da wani ɗan kabu-kabu ya buge shi a wata mararraba, ya karye a wuyan hannu. Ɗori ya kama cikin watanni kaɗan, amma shekara 3 keken na jingine a zaure, tayoyi sun sace, sarƙa ta yi tsatsa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga shi yana da yaya a Mirriya, tsohuwa wadda ƙafa ta ƙi, da yake dubawa kowane mako. Kuɗin mota ba kullum ake samu ba, don haka ziyarar ta koma daga salla sai salla.

Ba mu faɗa hanya kai tsaye ba. Mai gyaran keke ya sake taya da birki, ya kuma sauke sirdi yadda tafin ƙafa zai taɓa ƙasa, domin wanda ya san zai iya dirawa a kowane lokaci, rabin tsoronsa ya tafi. Mako 2 muka yi muna fita da sassafe zuwa wani fili mai taurin ƙasa. Da farko Malam turawa yake da ƙafa ba tare da taka feda ba, bayan haka ya koma kewayawa da tsayawa. Jiki bai manta ba. Zuciya ce ke buƙatar lallashi.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Mirriya, muka tashi bayan asuba, lokacin sanyi, kafin iskar hunturu ta taso daga gabas ta tare mu a fuska. Muka ratsa ta gefen Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take, da ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya gina a ƙarni na 19. Wannan birni shi ne hedkwatar ƙasa a zamanin Turawa har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. Manyan duwatsun da ke jibge bisa juna suka raka mu har bayan gari, sannan gonaki suka buɗe, an girbe gero, sai karmami da gawo mai ɗanyen ganye a tsakiyar rani.

Muka jera ɗaya bayan ɗaya a hannun dama, Malam a tsakiya. Hanyar ba tamu ba ce mu kaɗai: ga amalanken shanu, ga jakuna, ga ƴan kasuwa bisa babura. Wajen rabin hanya wata babbar mota ta danno hon daga baya. Malam ya kauce ya sauka daga kwalta, rairayi ya kama tayar gaba, keken ya karkace. Ya dire da ƙafa biyu, bai faɗi ba, amma hannuwansa na rawa. Muka zauna gindin wata itaciya, babu wanda ya ce masa komai sai sannu. Can ya ce, "Ku wuce, ni a nan zan jira mota." Ƙaraminmu ya ce, "Baba, ai ka ga abin da kake tsoro ya zo, ka kuma tsaya da ƙafarka." Malam ya yi shiru, ya sha ruwa, ya miƙe ya kama kan keken.

Kukoki ne ke fara yi wa baƙo maraba a Mirriya, manya-manya, tsirara babu ganye a wannan lokaci. Garin tsohuwar masarauta ce, ga lambuna a kwari masu dabino da mangwaro da kayan miya. A kasuwa kuwa, abin da ya fi ɗaukar ido shi ne tuluna da randuna da tukwane da aka san matan garin da ginawa, an jera su a ƙasa, masu saye na ƙwanƙwasawa don su ji ko akwai tsaga. Muka saya wa tsohuwa goro da sabon tulu.

Da muka yi sallama, ta leƙo ta ga keke a ƙofar zaure, sai ta ce, "Auta, kai ne bisa keke?" Ya ce, "Ni ne, Yaya." Mutumin da ya ba shekara 60 baya, ga furfura, amma a gidan nan Auta ne. Bayan la'asar muka juyo, iska na bayanmu, muka shigo gari kafin magariba.

Jama'a, a gidaje da yawa akwai irin wannan keke da irin wannan tsoro. Kada a yi wa mai shi dariya, kada kuma a matsa masa. A gyara birki, a sauke sirdi, a fara a fili, a guji rairayin gefen hanya da tafiyar dare, a kuma samo masa abokan tafiya da wurin zuwa wanda ya damu da shi. Zumunci a ƙafa yake, keke kuwa yana ƙara wa ƙafa tsawo. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.