Kwaɗo Malamin Lissafi

Ya ku 'yan'uwana masu shirin fita aikin koyarwa, ina so in ba ku labarin wani mataimaki da na samu a ajin ƙanana a nan Lafiya, wanda ba ya cin albashi, ba ya kuma neman gidan malamai. Sunansa kwaɗo.

Duk wanda ya taɓa riƙe aji ɗaya ya san wannan ciwo. Yaro zai jero maka ɗaya, biyu, uku har ishirin ba gargada. Amma ka zube masa tsakuwa ka ce ya ba ka bakwai, sai ya damƙo abin da hannunsa ya kama. Bakinsa ya haddace sunayen, amma bai gane cewa kowane suna da abu guda yake tafiya ba, kuma sunan da aka tsaya a kansa shi ne jimla. Yaron da ya shiga aji biyu da wannan giɓi, tarawa da ɗebewa sukan zame masa dodo, bulala kuwa ba ta maganinsa.

To, ga yadda nake yi. Daminar Lafiya doguwa ce, tun daga Afrilu har Oktoba, saboda haka babu yaron da bai kwana yana jin kukan kwaɗi daga fadama ba. Da safe, kafin rana ta yi zafi, nakan fita da su gindin mangwaro. In zana babban da'ira a ƙasa, shi ne tafki. In zana ƙanana goma a jere, su ne ganyayen bado. Yaro guda ya tsuguna, hannuwa a ƙasa. Ni in ba da waƙa, "Kwaɗo sarkin tsalle, taka bado," sauran su amsa, "Taka, mu ƙirga!" Kowane tsalle tafi ɗaya, lamba ɗaya. In baki ya riga ƙafa, sai 'yan'uwansa su yi dariya, ya koma ya sake. In ya tsaya a na shida in tambaya, "Tsalle nawa ya yi?" Nan ne yaro ke gane cewa shida ɗin nan ta ƙunshi duk abin da ya wuce.

Bayan mako biyu ko uku sai in shigo da ɗebewa. Kwaɗi takwas na cikin tafki, shamuwa ta sauka, uku suka gudu bayan malam. Saura nawa? Ba mai zato, kowa na ganinsu da idonsa.

Waƙa ma tana samun rabonta. Nakan raba aji biyu: manyan kwaɗi masu kauri a murya, da ƙanana masu siririya. In buga gwangwani a hankali su yi tsalle a hankali, in gaggauta su gaggauta, in ɗauke hannu kowa ya daskare. Da haka suke koyon bin kiɗa, da bambanta babbar murya da ƙarama, da jiran lokacin amshi.

Akwai wani amfani kuma. Ajinmu a garin nan taron yaruka ne: ga ɗan Eggon, ga Alago, ga Gwandara, ga Tibi, ga Bafillatani. Wani yakan zo bai iya Hausa sosai ba, balle Turanci, sai ya yi shiru a lungu. Amma tsalle ba ya bukatar tafinta. Wani lokaci nakan ce ya ƙirga mana da harshen gidansu mu amsa, sai ka ga fuskarsa ta washe.

Kada wani ya ce wannan ɓata lokaci ne. Bajamushen nan Friedrich Froebel, wanda ya raɗa wa makarantar ƙanana suna Kindergarten a 1840, a kan waƙa da wasa ya gina koyarwarsa. Iyayenmu mata ma da waƙa suke renon yaro, ba su jira littafi ba.

Sai dai a kula da abu biyu. Minti goma sha biyar ya isa, gama gwiwar yaro na gajiya. Kuma da an koma ɗaki, kowa ya zana kwaɗinsa a allo ya rubuta lambar a ƙasa, don abin da ƙafa ta koya ya isa hannu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku gwada a makarantun da za a tura ku, ku rubuto mana abin da kuka gani. Allah ya ba mu sa'a, amin.