Matar da ba a nuna fuskarta

Da magariba, a wani gida na Jiratawa, yara sun taru gaban talabijin suna kallon Tom and Jerry, wasan kyanwa da kusu. Ana ta dariya sai wata yarinya ta ce: "Kaka, don mi ba a nuna fuskar matar nan? Kullum ƙafafu da tsintsiya!" Tsohuwa ta rasa ta cewa.

 An fara wasan a Amurka a 1940, zamanin wariyar launin fata. Matar baƙa ce, aka zana ta kamar baranya, ba ta da aiki sai faɗa. Cikin shekarun nan ne masana biyu, Kenneth da Mamie Clark, suka aje ƴan tsana, fara da baƙa, gaban yara baƙaƙen fata. Yawancinsu suka zaɓi farar.

Jama'ar Maradi, Tibiri da Jiratawa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku zauna tare da ɗiyanku in suna kallo. In sun yi tambaya irin wannan, ku ba su amsa, kada su tashi suna raina fatar jikinsu.