Ma'auratan da suka koya wa Tesco karanta rasit

A shekarar 1989 Clive Humby ya miƙa takardar ajiye aiki a reshen Landan na CACI, wani kamfanin Amurka da ke sana'ar nazarin bayanai. Matarsa Edwina Dunn ita ma a can take aiki, har ta kai babban muƙami. Kamar yadda ta sha ba da labari daga baya, mintuna kaɗan bayan mijin ya ajiye nasa aikin aka sallame ta, domin kamfanin bai ga yadda zai ci gaba da riƙe matar mutumin da ke shirin zama abokin gogayyarsa ba. Gidan da ya tashi da albashi biyu ya kwana babu ko ɗaya. A wani ɗaki na gidan nasu da ke unguwar Chiswick, yammacin Landan, suka buɗe kamfani, suka haɗa sunayensu biyu suka raɗa masa dunnhumby.

Ba su da kanti, ba su da hajar da za a ɗaga a duba, ba su ma mallaki bayanan da za su yi nazari a kansu ba. Jarinsu wata fahimta ce da suka fito da ita daga tsohon wurin aikinsu. A CACI ana ɗaukar alƙaluman ƙidayar jama'a ne a rarraba unguwannin Birtaniya gida-gida, wannan ta masu hali, waccan ta ma'aikatan masana'antu, wancan layin na tsofaffi 'yan fansho, sannan a sayar wa 'yan kasuwa wannan taswira domin su san inda za su buɗe reshe ko su aika talla. Dabara ce mai amfani, sai dai tana da rauni babba: ta ɗauka cewa maƙwabta halinsu ɗaya. Alhali katanga guda kan raba mai tsimi da mai almubazzaranci. Humby da Dunn suka lura cewa abin da mutum ya saya da kuɗinsa ya fi adireshinsa faɗin gaskiya a kansa, kuma wannan shaida tana nan jibge a cikin kwamfutocin kamfanoni, ana tara ta saboda lissafin kuɗi kawai, babu mai waiwayarta. Mai sayensu na farko shi ne Booker, kamfanin da ke sayar wa ƙananan masu kantuna kaya a sari.

Yadda suka raba aiki a tsakaninsu ya cancanci a tsaya a kansa. Humby masanin lissafi ne, shi ke zama da alƙaluma. Dunn ita ke jan ragamar kamfanin, ita ke shiga ofis-ofis tana ciniki. Sana'ar nazarin bayanai harshe biyu take buƙata, na lissafi da na kasuwa, kuma da wuya a samu bakin da ya iya duka biyun. Manajan kanti bai damu da kyawun dabarar da aka bi ba. So yake a gaya masa wace haja zai matso da ita kusa da ƙofa, wa zai yi wa rangwame, nawa zai samu idan ya yi. Gwanaye da yawa sun buɗe irin wannan kamfani sun rufe, ba don lissafinsu ya yi kuskure ba, sai don sun kai wa mai kasuwa amsar tambayar da bai yi ba.

Shekara biyar suka yi suna ƙananan ayyuka kafin Tesco ya neme su a 1994. A lokacin Tesco ne na biyu a jerin manyan kantunan abinci na Birtaniya, Sainsbury's na gabansa. Sashen talla, ƙarƙashin Terry Leahy, yana gwada wani kati a 'yan rassa kaɗan: mai saye ya miƙa katin a wurin biya, a ba shi maki gwargwadon kuɗin da ya kashe, daga baya makin ya zama rangwamen kashi 1 cikin 100. A ido wannan ba komai ba ne. Amma kantin abinci ribarsa siririya ce, 'yan fam kaɗan ne a cikin kowane ɗari, don haka mayar wa jama'a fam ɗaya daga ciki yankan naman jiki ne. In dai za a yi hakan a duk faɗin ƙasa, dole a samu abin da zai biya. Abin da Tesco ke saye da wannan rangwame shi ne suna a kan rasit. Kafin katin, na'urar karɓar kuɗi ta san an sayar da burodi da madara, amma ba ta san wa ya saya ba, ko jiya ma ya zo, ko kuwa wata uku ke nan da ya ƙaurace.

Matsalar ita ce yawan bayanan ya fi ƙarfin kwamfutocin wancan zamani. Dunn ta ce ƙiyasin da aka ba Tesco shi ne aikin zai ci shekara uku da fam miliyan 50, su kuwa suka ce za su yi shi cikin mako goma a kan fam dubu 250. Ba wata na'urar sirri suke da ita ba. Sun ƙi yarda ne cewa sai an karanta kowane rasit. Mai girki ba ta shanye tukunya don ta san ko gishiri ya ji. Cokali ɗaya ya wadatar, muddin ta juya miyar sosai kafin ta ɗiba. Haka suka yi, suka ɗebi kaso kaɗan na masu katin ta hanyar da zai wakilci sauran, suka yi nazarinsa, suka bar ragowar. Ƙaramin kamfani ba zai iya gasa da manya a yawan ma'aikata ko girman na'ura ba. Inda yake da sarari shi ne ya san wane ɓangare na aikin za a iya bari ba tare da amsar ta lalace ba.

A ƙarshen 1994 suka gabatar da sakamakon gwajin a gaban shugabannin Tesco. Abin da shugaban kamfanin, Ian MacLaurin, ya faɗa bayan sun gama ya zama sananne a tarihin kasuwancin Birtaniya: ya ce abin da ya ba shi tsoro shi ne a wata uku sun san masu sayensa fiye da yadda shi ya san su a shekara talatin. Aka ƙaddamar da Clubcard a faɗin ƙasa a watan Fabrairun 1995. Shugaban Sainsbury's na lokacin ya yi wa katin kallon raini, ya kwatanta shi da tsofaffin tambarin kyauta da kantuna ke rabawa a da, amma a 1996 sai ga kamfaninsa ya fito da nasa katin. Kafin nan Tesco ya riga ya sha gabansa. Ba daidai ba ne a ɗora wannan nasara kan kati kaɗai, domin Tesco na buɗe sababbin rassa yana kuma karya farashi a daidai wannan lokaci. Katin dai ya nuna masa inda zai zuba ƙarfinsa.

Aikin da ya biyo baya ya fi na farkon zurfi. Suka riƙa bai wa kowace haja siffofi: mai tsada ce ko mai araha, ta masu yara ce, ta mai gaggawa ce ko ta mai dafa abinci tun daga ɗanye, babban ƙunshi ce ko ƙarami. Idan aka tara siffofin abin da ke cikin kwandon mutum na tsawon watanni, sai kamanninsa su fito ba tare da an tambaye shi komai ba. Duk wata uku Tesco kan aika wa masu katin takardun rangwame ta gidan waya, kowa da irin nasa gwargwadon abin da ya saba saye. Mai kantin unguwa da ya san wace uwargida ce ke sayen sabulu bashi a ƙarshen wata ya daɗe yana yin irin wannan da ka. Sabon abu shi ne yin sa ga miliyoyin mutane a lokaci guda. Ko masu katin sun fahimci yawan sirrin gidansu da suke bayarwa a madadin kobo ɗaya cikin ɗari, wannan tambaya ce da ba a cika yi ba a shekarun 1990. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta sa wanda zai fara sana'ar yau ba zai iya tsallake ta ba.

Nasarar ita ta haifi matsala ta gaba. Kamfanin da yawancin cinikinsa ke hannun mai saye guda, numfashinsa a hannun wani yake. Ga shi bayanan da suka sa dunnhumby ya yi suna na Tesco ne, ba nasa ba. Ranar da aka rufe famfon, gwaninta kaɗai za ta rage. A 2001 ma'auratan suka sayar wa Tesco kashi 53 cikin 100 na kamfanin a kan fam miliyan 30. Cinikin ya rufe wata ƙofa, domin babu abokin gogayyar Tesco a Birtaniya da zai miƙa littafin cinikinsa ga kamfanin da Tesco ke da rinjaye a ciki. Ya kuma buɗe wata mai faɗi. Kamfanonin da ke yin kayan da ake jerawa a kan kanta, irin su Coca-Cola da Unilever da Procter & Gamble, sun san adadin katan da suka tura, amma ba su san wa ke ɗauka ba, ko wanda ya gwada sau ɗaya ya dawo. Dunnhumby ya fara sayar musu da wannan sani, bayan an cire sunayen mutane. A nan ne kamfanin ya tashi daga mai sayar da sa'o'in ma'aikatansa ya koma mai haja, wadda ake haɗawa sau ɗaya a sayar wa mutum ɗari. Mai sayar da sa'o'i ba ya girma sai ya ƙara ɗaukar ma'aikata, kuma kowane sabon ma'aikaci albashi ne da za a biya ko aiki ya zo ko bai zo ba.

Tunda gida ya toshe, sai suka ƙetara. A 2003 suka ƙulla kamfanin haɗin gwiwa, rabi da rabi, da Kroger, ɗaya daga cikin manyan kantunan abinci na Amurka, mai hedkwata a Cincinnati. A 2006 Tesco ya ɗaga kasonsa zuwa 84 cikin 100, zuwa 2011 kuma Dunn da Humby sun sayar da abin da ya rage musu sun bar kamfanin da ke ɗauke da sunansu.

Humby ne ake dangantawa da maganar nan ta 2006 cewa bayanai su ne sabon man fetur. Masu maimaita ta kan tsaya a nan, alhali abin da ake nufi shi ne ɗanyen mai ba ya tafiyar da mota sai an tace shi. Kwatancen yana da wani gefe da ya fi shafar kamfaninsa: mai matata ba lallai ne ya zama mai rijiya ba. Shekarar 2015 ta tabbatar da haka. Tesco, wanda ya faɗa cikin rikicin kuɗi bayan an gano a 2014 cewa ya zuzuta ribarsa da sama da fam miliyan 250, ya sa dunnhumby a kasuwa, jaridu suna ambaton farashin da ya kai fam biliyan 2. A watan Afrilu sai aka warware haɗin gwiwar Amurka. Kroger ya riƙe bayanansa da ɗaruruwan ma'aikatan, ya buɗe nasa kamfanin nazari, ya sa masa suna 84.51°, wato lambar layin taswira da ya ratsa Cincinnati. Masu son saye suka sake duba abin da ya rage, suka ga mafi yawan darajarsa ta rataya ne a kan yarjejeniya da Tesco kansa, tayin ya yi ƙasa sosai. Kafin ƙarshen shekarar Tesco ya janye shi daga kasuwa, ya ci gaba da riƙe abinsa.