Ranar Hazo A Wagini

A ƙasashen Turai da Amurka, in sanyi ya kai matuƙa, dusar ƙanƙara takan zubo ta toshe hanyoyi, a rufe makarantu, ma'aikata su zauna gida. A irin wannan rana uwargida kan kwaɓa fulawa, yara su kewaye ta, a wuni ana gashin burodi. Mu a ƙasar Hausa ba mu san dusar ƙanƙara ba, sai dai ƙanƙarar nan mai kamar tsakuwa da kan faɗo da damina ta ɓata shuka. Ko a Sahara abin labari ne. Da ta sauka a garin Ain Sefra na ƙasar Aljeriya a 1979, da kuma a 2016, duniya duka ta ji. Amma mu ma muna da tamu ranar zaman gida, watau ranar da hunturu ya sauko da hazo. Mun ga irinta a Wagini cikin watan Janairu, sa'ad da muka je hutu gidan wani abokinmu malamin makaranta.

Wagini gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Batsari, yammacin Jihar Katsina. Safana tana kudu da Batsari, Dajin Rugu kuwa ya miƙe ta yamma har cikin Zamfara. Gero da dawa da wake da gyaɗa su ne arzikin wurin. A Janairu an gama kaka, gonaki sun zama fili, sai kara da aka jingina jikin itatuwa, da awaki suna kiwo abinsu.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa. Yawancin ƙurar da take ɗaukowa kuwa daga wani kwari ne a ƙasar Chadi mai suna Bodele, wanda a zamanin da can ƙasan babban tafki ne. Ruwa ya janye ya bar farin gari mai laushi. Shi ne iska ke kwasa ta watsa mana, har wani ya haye teku ya sauka a dazuzzukan Amurka ta Kudu. Ashe farar ƙurar da ke kwanta wa yaro a gira ta fi shi yawon duniya.

Ranar da muke magana, gari ya waye rana kamar farin faranti, kana iya dubanta ido da ido. Bishiyar da ke bayan gida ba a ganinta. Tsofaffi sun tsuguna bakin wuta, kowa ya ƙudundune cikin bargo, gaisuwa ɗaya ce a baki: "Yaya sanyi?" a amsa, "Lokacinsa ne." Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, man kaɗanya ya yi daraja. Ba mai zancen fita. Sai uwargida ta ce tun da kowa yana gida, yau za a yi waina, a kuma gwada burodin tukunya saboda baƙi.

Kafin a yi zancen ƙullu sai an yi zancen wuta, nan kuwa maganar take da nauyi. A da, itace ba abin damuwa ba ne ga mutanen da ke gefen Rugu. Yaro da jaki kan tafi da safe ya komo da hantsi. Amma tun da 'yan bindiga suka yi sansani cikin dajin, ƙauyukan Batsari da Safana sun sha wuya ƙwarai: an kore shanu, an sace mutane don kuɗin fansa, iyalai da yawa sun bar gidajensu sun koma Batsari da Katsina. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ya dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da ta Batsari da ta Safana. A watan Satumba na shekarar nan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, waɗannan biyu suna ciki. An janye matakan daga baya, amma mutane sun riga sun koyi lissafi: ba a aiken yaro nesa domin itace. Saboda haka a gidan da muka sauka karan dawa ne abin hura wuta, da ɗan gawayi da ake tattalinsa kamar gishiri.

Kara kuwa wutarsa kamar fushin yaro ce, ta tashi bal-bal ta mutu nan da nan. Ga waina wannan bai ɓaci ba, gama tanda tana son a riƙa tura mata wuta kaɗan kaɗan. Wata yarinya ta zauna ba ta da aiki sai tura kara. Ƙullun tun daren jiya aka haɗa shi. An jiƙa shinkafa aka niƙa, aka dafa kaɗan aka zuba ciki, aka sa yis, aka rufe. Da zafi, kafin asuba ya cika roba har ya yi ambaliya. Da hunturu kuwa sai ka tarar da shi kwance yadda aka bar shi. Dalili shi ne yis abu ne mai rai, ƙanƙane ƙwarai, yana cin zaƙin da ke cikin ƙullu yana fid da iska, iskar ce ke kumbura shi. Sanyi kan sa shi barci, tafasasshen ruwa kan kashe shi. Matan Wagini ba su bukaci malami ya gaya musu wannan ba. Uwargida ta naɗe robar da tsohon zane, ta ajiye ta kusa da murhu inda toka ke da ɗumi, ta ce wa mai gidanta, "Malam, ku ba shi lokaci, shi ma sanyi yake ji." Da ya tashi, ta ɗiga ruwan kanwa don ya kashe tsami, ta sa albasa da ɗan sukari. Kowane gurbi na tanda aka ɗiga masa man gyaɗa. Wainar fari ba ta kai faranti ba, yara sun tare ta a hanya.

Burodin tukunya shi ya fi ba mu sha'awa. Ba tanderu irin na masu gurasa a Kano, ba murhun lantarki. An zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunyar ƙarfe, aka ɗora ta kan garwashi har yashin ya yi zafi. Kwaɓin fulawa da yis da gishiri da sukari da mai, wanda ya riga ya tashi, aka rarraba shi cikin gwangwanayen madara da aka shafa wa mai, aka jera su kan yashin, aka rufe, aka zuba garwashi a kan murfi. Yashi yana riƙe zafi ya raba shi daidai, don haka gindi ba ya ƙonewa, garwashin sama kuma shi ke ba da ja. Wanda ya cika buɗe murfi don leƙe, shi ya ɓata aiki. Bayan kamar minti 40 aka soka tsinke ya fito a bushe. A ganinmu ya fi burodin kanti, ko da yake wanda ya wuni da yunwa cikin sanyi ba alƙali ne mai adalci ba.

Abin mamaki, sanyin da ke hana ƙullu tashi shi ne alkama ke so. Ba ta yi da damina a ƙasarmu, sai da rani a wuraren ban ruwa, kamar Kadawa a Kano da Bakolori a Zamfara, a shuka ta wajen Nuwamba domin hunturu ya same ta a gona. Duk da haka abin da muke nomawa bai kai ko kusa da abin da muke ci ba. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 don a noma ta gida, aka janye dokar a 1992. Har wa yau yawancin fulawar da ke kaiwa kasuwannin ƙauye daga alkamar ƙasashen waje ake niƙa ta, shi ya sa kuɗinta ke bin dala. Mudu ɗaya da aka kwaɓa mana ba ƙaramar karramawa ba ce.

Da la'asar hazo bai ɗaga ba. Aka cika kwanoni uku da waina aka aika maƙwabta, ɗaya kuwa gidan wata gwauruwa da ta yi gudun hijira daga wani ƙauye na bakin daji, tana zaune da jikokinta. Kwanon ya komo da soyayyar gyaɗa a ciki. Kafin magariba kowa ya shige gida. Mai gida ya bi ɗaki ɗaki ya fid da kaskon wuta waje, yara suna gunaguni. Yana da gaskiya: gawayi a rufaffen ɗaki yana fid da iska marar wari wadda kan kashe mai barci, kuma da hunturu tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye danga da rumbu. Aka yayyafa wa murhu ruwa, aka ƙara wa yara bargo, ragowar burodin kuma aka rufe shi cikin tukunyarsa domin shayin safe.